Alwala da Ruwan Rance

Yabo ya tabbata ga Allah da Ya saukar da ruwa mai tsarkakewa, tsira da aminci su daɗa tabbata ga Annabinsa da alayensa.

A shekarun alif ɗari tara da hamsin, ina ɗalibi a Fagge, rijiyar masallacinmu ta yi zartsi har sabulu ba ya kumfa a ruwanta. Sai aka ji En'e, wato hukumar gargajiya, za ta jawo famfo daga Sabon Gari zuwa unguwarmu. Malaminmu, wanda shi ne liman, ya kira wani maƙwabci mai aiki a baitulmali, ya tambaye shi da wane kuɗi za a yi aikin.

"Allah gafarta Malam, rance ne."

"Da ruwa?"

"Ai ruwan ake son kawowa."

"Ba shi na tambaya ba."

Mutumin ya dubi ƙasa. "Da ɗan ruwa a kai."

Malam ya ce ba zai yi alwala da shi ba sai ya bincika. Hankalin unguwa ya tashi, domin abin da liman ya ƙi, ba mai zuba shi a buta a gaban jama'a, ga rijiya kuwa ta ƙi shayuwa.

Ana cikin haka bututu ya taho har bakin shagon wani tela a iyakar Sabon Gari, ya tsaya. Ma'aikacin baitulmali ya bayyana mana cewa doka ba ta bar En'e ta ci bashi yadda ta ga dama ba. Sai da iznin Kaduna, kuma akwai haddin da ba a ƙetarewa, gwargwadon harajin da take tarawa. An cika haddin daidai ƙofar tela. Wani dillalin atamfa ya ce, "To a roƙi dokar ta ɗan matso mana, ko zuwa gindin darbejiya." Ba wanda ya yi dariya, don da gaske yake.

Daga ƙarshe attajiran unguwa suka sayi ragowar bututun, muka haƙa rami da gayya, En'e ta aiko mai haɗawa. Sai ya zamana ruwan yana fara tafiya a bututun rance, ya ƙarasa a na sadaka, mas'alar da ban taɓa gani a littafi ba.

Ranar da famfo ya zubo, Malam ya sa aka tara masa a ƙwarya. Ya dubi launinsa, ya sansana, ya kurɓa, jama'a na tsaye da butoci.

Ya ce, "Riba haramun ce, tana wuyan wanda ya ƙulla ta. Amma ban same ta a ƙwaryar nan ba."

Dillali ya ce, "Malam, ko ta sauka a wajen tela?"

"Wannan sai ka tambayi tela."

Ya naɗe hannun riga ya yi bismilla, aka shiga layi a bayansa.

Allah Ya jiƙan Malam. Kai kuma mai karatu, Allah Ya tsarkake abin shanka, Ya sa albarka a gidanka da zuriyarka.