Kwat ɗin Nasiru a Zafin Doha

An sha wuya, ba ni da wata kalmar da ta fi wannan. Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Nasiru, kuma har yau in aka ce ya yi sa'a, shiru nake yi.

Ni a aji huɗu na firamare na tsaya. Gadi ya kawo ni Doha, a wani dogon bene a unguwar West Bay. Shi kuwa digiri na biyu ya kawo shi, ta wani gurbi da wata jami'a a nan ta ware wa 'yan Afirka. Gurbin nan ya shigar da shi, ya kuma hana shi sakat. In ya ci jarrabawa, a ce ai lallaɓa su ake yi. In ya faɗi, a ce dama an sani.

A ƙofar makaranta masu gadi kan tare shi su tambayi kamfanin da ya aiko shi. Ban zage su ba, ni ma haka aka koya mini: baƙin mutum marar kwat lebura ne, a nuna masa ƙofar baya. Sai Nasiru ya sayi kwat. Cikin zafin Agusta haka yake fita daga ɗakinmu na unguwar Mansura, a shaƙe da laktaye. Na ce ya cire abin nan. Ya ce, "Yaya, in na cire, kai za su gani." Ba don raini ya faɗa ba.

Na ce to ya koma gida. Ya ce in ya gudu za a ce an gwada namu bai iya ba, a rufe wa na baya gurbin. Saura wata biyar ya gama, hawan jini ya kayar da shi. Ban ce makaranta ta kashe shi ba. Kwana ne ya ƙare.

Yanzu ina ganin ɗalibanmu a jirgin ƙasa da riga mai gajeren hannu, suna dariya. Da Nasiru na raye, ko zai ce an samu sauƙi, ko zai ce ba su gane ba tukuna, ban sani ba. Abin da na sani, bai bar shaidar digiri ba, amma ba a rufe gurbin ba.

Ranar Juma'a 'yata Hafsatu ta kira daga Zariya. Shekara biyu da gama jami'a, ba aiki. Gurbin take so ta nema, tana jiran izinina. Ta ce, "Baba, ai Baffa Nasiru ya ji daɗin wurin, ko?" Na ce zan yi tunani. Na yi, ban ga wata hanyar da zan nuna mata ba.

Washegari da safe, a cikin bas ɗin kamfani, na tura mata saƙon murya na ce ta cike takardun. Tambayarta kuwa ban amsa ba.