Ƙirgen da 'Yata Ba Ta Ji Ba

'Yata ta fari tana aji uku sanƙarau ya kama ta. Ta tashi daga ciwon, amma kunne ya tafi. Likita ya ce mu gode wa Allah da ya bar mana ita, muka gode. Da ta yi ƙwari sai babanta, wanda ke ɗinkin takalman fata a kasuwar Kurmi, ya mayar da ita makarantarsu ta cikin unguwa, don ba mu san wata ba.

Kafin ta kwanta ta iya ƙirge goma-goma har ɗari, tana yi tana tsalle a soro. Ko da ta koma, 'yan ajin sun yi nisa. Malaminsu ya kai su ga tsallaken manyan lambobi, su haɗa baki kamar masu waƙa: ɗari biyu da hamsin, ɗari biyar, ɗari bakwai da hamsin, dubu. Daga tsakar gidanmu a Zaitawa nakan jiyo su. Ita kuwa tana zaune can baya a ƙasa, ba abin da take gani sai ƙeyar yara.

Wata rana ta dawo da shatin bulala a dantse. Na buɗe littafinta na ga an rubuta mata 250 don ta ci gaba, ita kuma ta bi da 251, 252, har ƙarshen shafi. Na zura hijabi na nufi makarantar, surukata tana tambaya ina kunyar 'yar fari take.

Na ce, "Malam, yarinyar nan fa ba ta ji."

Ya ajiye alli, ya ce, "Wallahi, Malama, ban sani ba. Na ɗauka taurin kai ne. Ki duba ajin nan ki gani."

Na duba. Yara ne har kan taga. Ya dawo da ita gaba, ya ce zai riƙa rubuta mata a allo, kuma ya cika alkawari. Sai dai abin da ke tsakanin lamba da lamba da baki ake faɗarsa, shi ne kuma ba ya isa gare ta.

Na ce bari in gwada a gida, ni da ban wuce firamare ba. Na tara ƙwallayen dabino. In ajiye ɗaya, in rubuta 250 da gawayi a daɓe. In ajiye na biyu, in rubuta 500. Ta taɓa su da yatsa, ta ce "biyu", da wannan murya mai ƙarfi da ba ta san ta yi ƙarfi ba. Kuma gaskiyarta, biyu ne. Ta yaya zan gaya mata cewa kowane ƙwallo tuli guda ne? Na ɗebo gero na yi tsibi-tsibi a faifai, sai ta tashi ta ɗauko turmi, ta zaci surfe nake so.

Takan riƙe haɓata da hannu biyu tana kallon leɓɓana. Ni kuma in buɗe baki in ja kalmar a hankali, in sake, in sake. Ranar da haƙurina ya ƙare na kafa bakina a kunnenta ina faɗa da iyakar ƙarfina, har maƙwabciyata ta leƙo ta kan katanga. Yarinyar ba ta ko motsa ba. Iskar bakina kawai ta ji. Ta kwashe ƙwallayen ta watsa a kwata, ta shige ɗaki.

Babanta ya ce, "Ki ƙyale ta haka. Lissafi ne zai dawo mata da kunne?" Yana faɗa yana kallon bango.

Daga nan maganarta ta fara lalacewa. Kalmomi suka riƙa fitowa ba ƙarshe, yara suna kwaikwayonta. Ta daina magana a aji, a hankali ta daina a gida.

Ƙarshen zango hedimasta ya kira mu. Cikin mutunci ya ce zamanta a nan ba ya ƙara mata komai, ya kwatanta mana wata makarantar kuɗi can bayan gari inda ake koyar da kurame da hannu. Muka je, muka ji abin da ake biya, muka hau adaidaita muka dawo. Babanta ya ce sai kasuwa ta gyaru. Kasuwa ba ta gyaru ba.

Yanzu tana zaune gefen kakarta tana ɗinkin hula. Hannunta yana da kyau, kowa ya shaida. Muna da 'yan alamunmu na gida, na ci da sha da zo da tafi, iyakarsu ke nan.

Da na ga kayan makarantarta suna neman lalacewa a akwati, na ba 'yar maƙwabciyata. Da safe yarinyar ta wuce ta ƙofar gida sanye da su. 'Yata ta gane su daga facin da na yi a gwiwar wandon. Ta zo ta kama hannuna ta ja ni har soro, ta nuna yarinyar, ta nuna ƙirjinta, ta tsaya tana jiran amsa. Ba ni da alamar da zan yi mata. Muka tsaya a nan har yarinyar ta sha kwanar lungu.