Muryar Matar Malam

Shekarar da na fara koyarwa a jami'a, ni kaɗai ce mace a sashenmu, kuma darasin da aka ɗora mini shi ne wanda kowa ya ƙi: rayuwar mata da ayyukansu a ƙasar Hausa. Abokan aikina maza suna kiransa darasin gulma. In na wuce ta ƙofar ofishinsu da rikoda a jaka, sai wani ya leƙo ya ce, "Malama, yau kuma sirrin gidan wa za a jiyo mana?" Ni kuwa tun ina yarinya ba a taɓa ni in yi shiru, sai in mayar musu da wadda ta fi tasu zafi, in wuce ina huci. Amma cika bakin na waje ne. A raina kullum ina tsoron kada wata rana a zauna taro a ce wannan ba ilimi ba ne, a soke darasin.

Littattafan da muke da su a lokacin, wajen tsakiyar shekarun 1980, yawancinsu cewa suke matan kulle suna zaune ne a gida ba sa tsinana komai. Na san ƙarya ce, amma sani daban, hujja daban. Shi ya sa duk ranar Talata nake shiga mota zuwa Kura, daga can in bi gefen kanal ɗin ban-ruwa da ƙafa zuwa wani ƙauye da ke hanyar Bunkure. Da rani wurin kore shar yake da alkama da tumatir da albasa. Maza suna gona suna jan ruwa da tiyo, mata kuma suna cikin gida suna turara shinkafa shanshera, suna yanka tumatir suna shanya kauɗa. Rabin abin da ake lodawa a akori-kura ya bi ta hannun matan da ba su taɓa ganin motar ba.

Gidan da na fi sabawa da shi na wani malami ne mai makarantar allo a zaurensa, kuma manomi. Matarsa kowa Inna yake ce mata, ni ma haka na bi. Ta kai shekara hamsin, ga murya mai ɗan kaushi da ke tsallake katanga ba tare da ta ɗaga ta ba. In za ta yi dariya sai ta fara da ɗan tari, sannan dariyar ta ɓalle. Da farko ta ƙi rikodata, ta ce ba ta yarda da akwatin da ke haɗiye maganar mutane ba. Na yi mata bayani yadda aka koya mana, na ce, "Inna, ba wanda zai san ke ce. Zan cire sunanki, in cire sunan garin."

Ta yi tarin nan nata ta ce, "Sunana? Wa ya san shi da ma? Rabon da in ji an kira shi tun rasuwar babana."

Maganar ta burge ni, har na rubuta ta a littafina na ja mata layi. Ban tsaya na yi tunanin abin da take nufi ga alkawarin da na ɗauka ba.

Wata Talata muna zaune tana yanka tumatir a faifai, rikoda tana juyawa, na tambaye ta ko mata suna da gona a garin. Ta ce gonar bakin kanal da malam yake nomawa, wadda ta fi kowace albarka, tata ce, gadon mahaifinta. Lokacin da masu awo suka zo za a kawo ruwa, an haɗe gonaki an sake yanka su, aka ce kowa ya fito a rubuta sunansa. Maza suka fita, mata suna ciki. Malam ya tsaya mata, sai aka rubuta sunansa. Daga ranar bai sake ta da maganar ba, ita ma ba ta tayar ba, har shekara goma da wani abu. Na ce, "Ba ki jin haushi?" Ta ce, "Wata rana ina ji. Amma shi ya sani, ni na sani. In an kawo kwandon farko, nan ɗakina yake sa a ajiye, ba ya iya kallona." Ta yi dariya, ta ci gaba da yankanta. Na koma birni ina murna kamar wadda ta tsinci zinariya.

Bayan makonni, a aji, na kawo zancen matan da gonakinsu suka koma sunan maza. Ɗaliban kusan duk maza ne, wasu ma sun girme ni. Wani da ke zama a gaba ya ce, "Malama, shari'a ta ba mace gadonta, ba mai hana ta. Wannan zancen littafin Turawa ne. Ina shaidarki?" Aji ya ɗauki dariya. Na ce masa ya jira ranar Alhamis.

Ranar Alhamis na zo da kaset ɗin. Na riga na saurare shi sau biyu a gida, na tabbatar babu sunan mutum ko na gari a ciki, har ina yaba wa kaina da bin ƙa'ida. Na ɗora rikoda a tebur na danna. Muryar Inna ta cika ɗakin, da ƙarar wuƙa a faifai, da kukan akuya daga nesa. Da ta zo wurin dariyar, wasu suka taya ta. Mai neman shaida ya sunkuyar da kai, ni kuma na ji daɗin da ban taɓa ji ba tun da na fara aikin.

Da aka watse, wani ɗalibi ya tsaya a baya. Dogo ne, mai shiru-shiru, ban taɓa jin ya yi tambaya ba. Ya matso ya ce a hankali, "Malama, wannan ai Inna ce ta gidan malam."

Na ce, "Ba ita ba ce. Wa ya ce maka?"

Ya ce, "Shekara bakwai na yi ina karatun allo a zauren nan. Muna karatu muna jin ta daga ciki tana kiran awaki, tana faɗa da masu tallan gida. Har yau ban san sunanta ba, amma duk namijin da ya tashi a unguwarmu ya san tarin nan." Sannan ya ce, "Gonar bakin kanal take nufi?"

Maimakon in roƙe shi, sai tsoro ya fito mini ta hanyar faɗa. Na ce abin da aka ji a aji a aji yake tsayawa, in ya kuskura ya kai gida zai gamu da ni. Ya ce, "To, Malama," ya fita. A fuskarsa ban ga mugunta ba, damuwa na gani, irin ta wanda aka gaya masa wani abu game da mahaifinsa. Sai da ya ɓace na tuna duk Juma'a yake tafiya gida.

Abin da ya kamata shi ne in shiga mota a ranar, in riga shi zuwa, in gaya wa Inna da bakina. Na sani sarai. Na kai har tasha, na ga motar Kura saura mutum biyu ta cika, na tsaya ina kallonta har ta tashi. Na ce wa kaina ƙila yaron zai yi shiru. Juma'a ta wuce, Asabar ta wuce, abinci ba ya shiga. In na ɗauki littafi sai in ga Inna da ƙullin kayanta a kai, tana fita daga gidan da ta shiga tun tana budurwa, ga shi iyayenta sun rasu. In na kori wannan sai in ga takardar ƙara ta iso sashenmu, abokan aikina suna miƙa wa juna. Kunya nake ji in faɗa, amma tsoron nan biyu tare suke zuwa, kuma ba kullum na Inna ne a gaba ba.

Ranar Talata na tafi, kaset ɗin yana cikin jakata. Hanyar gefen kanal da nake cinyewa ba tare da na sani ba, ranar sai ta yi mini tsawo. Masu ban-ruwa da suka saba ɗaga mini hannu suka amsa gaisuwata a taƙaice. Ko da gaske haka suka yi, ko tsorona ne ya nuna mini, har yanzu ban sani ba.

Malam yana zaure shi kaɗai, alluna jingine da bango. Da ma in na zo, sallama nake yi in rusuna in shige. Ranar ya ce, "Malama, ɗan dakata." Na durƙusa daga bakin ƙofa. Ya ce, "An ce kina da maganar iyalina a cikin akwati. Ina so in ji."

Na sa kaset ɗin a rikoda na danna. Muka zauna, ni da shi, muna sauraron matarsa. Bai motsa ba, carbinsa ma ya tsaya. Da aka zo inda ta ce ba ya iya kallonta, ya rufe ido. Ina jira ya tashi ya shiga ciki, ina lissafin ko zan iya riga shi in tsaya a gabanta. Da kaset ɗin ya ƙare ya ce, "Ba ta yi ƙarya ba." Ya gaya mini cewa ɗalibin nan ya je ya tambayi mahaifinsa, don uban yana cikin waɗanda suka shaida rabon gadon mahaifin Inna. Uban ya tare malam da maganar bayan sallar Juma'a, a gaban mutane. Ranar Lahadi malam ya tara shaidu ya mayar wa matarsa gonarta. "Ni da nake raba wa mutane gado," in ji shi, bai ƙarasa ba. Ya nuna mini ƙofa da hannu ya ce, "Shiga, tana ciki."

Wani sanyi ya sauko mini. Ba a sake ta ba, ga gona ta dawo. Kafin in ƙarasa tsakar gida har na fara tunanin ashe ma alheri na yi, har na fara jera yadda zan ba da labarin a aji.

Tana zaune inda ta saba, da faifai da wuƙa. Ta amsa sallamata, ta miƙo mini ruwa a kwanon sha, ta koma yankanta. Na fara ba da haƙuri, kalmomi suna ta zubowa ba kan gado. Ta bari sai da na gaji, sannan ta ce, da muryar da sai da na matso na ji, "Maza nawa suka ji?"

Na ce, "Aji guda ne, Inna."

"Har dariyar?"

"Har ita."

Ta gyaɗa kai. Na ce, don in samu abin riƙewa, "Amma ai ga shi gonarki ta dawo."

Ta ajiye wuƙar ta dube ni. "Da ina ta je? 'Yar nan, in gona nake so, ai ina da baki, ɗakinsa taku biyar ne daga nan. Shekara goma ina rufa wa bawan Allahn nan asiri, shi ma ya san ina rufa masa, da haka muke zaune lafiya. Jiya an zo rabon gadon gidan maƙwabta, wani malamin aka kira daga Kura. Yana zaure yana jin su suna wucewa." Ta ɗauki tumatir ta tsaga. "Kin ce za ki cire sunana. Ai na gaya miki ba da shi aka san ni ba."

Na ciro kaset ɗin na ajiye a gefen tabarmarta, na ce ta ƙona shi ko ta jefa a kanal. Ta tura mini shi da bayan wuƙa ta ce, "Riƙe abinki. Abin da ke ciki ya riga ya fita."

Ba wanda ya kai ƙarata, darasin kuma ba a soke shi ba. Na koyar da shi shekaru masu yawa, kuma ban sake kunna muryar kowa a aji ba. In ɗalibai suka tambaye ni dalili, sai in ce ƙa'ida ce. Na ci gaba da zuwa gidan Inna har ƙarshen ranin nan. Ba ta taɓa hana ni shiga ba, ba ta taɓa hana ni ruwa ba. Duk abin da na tambaya sai ta ce lafiya lau, a hankali, tana duban ƙofar zaure.

Bayan dogon hutu ɗalibin nan ya same ni a ofis, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa. Ya ce ya je gaida malam, sun zauna a zaure tun daga azahar har la'asar. Ya ji daka, ya ji awaki, ya ji ana jan ruwa a rijiya.

Na ce, "Inna fa?"

Ya ce, "Tana nan, Malama. Amma ban ji ta ba."