Ɗiyata da Likitan Fata na Madani

An haifi ɗiyata ta fari a lokacin cirar auduga, ba a daɗe da tashin Turawa daga Sudan ba. Muna zaune a wani ƙauyen Hausawa yamma da Hasahisa, ina noma rabin hawashar wani Balarabe, wato gonar da ake yanka wa manomi a bakin ruwa. Ina cikin gona aka aiko mini cewa matata ta sauka. Da na isa gida ban ji guɗa ba. Ungozoma ta fito ta wuce ni, sai innata ta ja ni bayan ɗaki.

"Mace ce," in ji ta. "Amma ka yi haƙuri da abin da za ka gani."

Jaririyar tana ƙyalli kamar an naɗe ta a leda, fatar ta ɗame har idanunta ba sa rufuwa sosai. Bayan sati biyu wannan fata ta saɓule, wadda ta biyo baya ta fito da ɓawo-ɓawo, baƙi, kamar bayan kifi. In zafi ya yi ba ta gumi, sai jikinta ya ɗau wuta, tafin ƙafarta ya tsage ya yi jini.

Ina da kawu, yayan innata, wanda kuturta ta ci masa yatsu, yana zaune shi kaɗai a wata bukka bayan gari. Mutane ba su sha wahalar haɗa biyu da biyu ba. Kafin a yaye yarinyar, matan da ke ɗibar ruwa a tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakinmu, sun fara janye tulunansu in matata ta iso. A gidajen biki akan ware mata kwano. Ba wanda ya taɓa zaginmu, gaisuwa ma ba ta ragu ba, sai dai yaran unguwa an hana su wasa da ita. Mun sha rubutu, mun shafa saiwoyi, mun kai ta wurin wani shehi a Kamlin. Ba abin da ya canza.

Tana da shekara shida likitan ya fara zuwa. Daga Madani yake, ɗan ƙasa ne, siriri, mai tabarau, ba zai wuce sa'ana ba. Ran Talata yakan zo shafahana, ɗan ƙaramin ɗakin shan maganin da ke ƙauyen gaba da mu. An ce ba allurar zazzaɓi ta kawo shi ba, cututtukan fata yake bincike: kuturta, da kuma nabit, ciwon nan da ke shiga ƙafar manomi in ƙaya ta soke shi, ƙafar ta kumbura ta yi ramuka tana fitar da ƙwayoyi baƙaƙe. Ni ban kai yarinyar ba. Tsoro nake ji kada ya tabbatar da abin da ake faɗi. Shi ne ya zo duba kawuna, tamarji, wato mai ɗaure miki a shafahana, ya gaya masa akwai wata ƙaramar kuturuwa a gidanmu.

Ya yi sallama da Larabci, ya zauna a kan angarib, wato gadon igiya, ƙarƙashin rumfa. Yarinyar ta ɓuya bayan uwarta. Bai kira ta ba, ya ci gaba da tambayata labarin auduga har ta gaji ta leƙo. Sai ya ciro ɗan tsinin auduga daga aljihu, ya ce in gaya mata ta rufe ido, duk inda ta ji an taɓa ta nuna. Ya taɓa kumatu, ta nuna. Ya taɓa gwiwar hannu, bayan ƙafa, ƙaramin yatsa, duk tana nunawa, har ta fashe da dariya don cakulkuli. Ya laluba jijiyoyin hannunta da na wuyanta, ya ɗan kankari fatar kunnenta ya shafa a gilashi.

Talata ta gaba ya dawo. A lokacin mutane sun taru a bakin ƙofa don ganin mota. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Wannan ba kuturta ba ce, kuma ba a ɗauka." Matata ta kawo shayi. Ya tambayi wanne ne kofin yarinyar, aka nuna masa wani na gwangwani da ke rataye daban. Ya ce a zuba masa a ciki, ya sha har ƙasa. Matata ta shige ɗaki, na ji tana kuka.

Na ce, "To, daktor, maganin fa?"

Ya cire tabarau ya goge. "Babu wanda zai raba ta da shi. Ban san shi ba, kuma ban san wanda ya san shi ba. Da shi aka halicce ta. Amma za mu iya rage mata wahala."

Abin da ya koya mana ba shi da yawa. A jiƙa ta cikin ruwa safe da yamma, a goge ɓawon a hankali da tsumma, a shafe ta da man riɗi tun jikin bai bushe ba. Da rana tsaka ta zauna a inuwa da jiƙaƙƙen mayafi. Ya ba mu man shafawa na asibiti da maganin ɗigawa a ido.

Wata rana ya zo da babbar takarda, ya ce yana son ganin innata. Ya yi ta tambayarta wa ya haifi wa, wa ya auri wa, yana zana da'ira da murabba'i yana haɗa su da layi. Ni da matata 'ya'yan wa da ƙani ne, iyayenmu ma auren zumunci suka yi. Innata ta lissafa har zuwa mutanen da suka taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar hajji suka yada zango nan. Can sai ta ce, "Akwai wata gwaggon babanku. An ce jikinta haka yake. A hanya ta rasu, ba su kai ga Nilu ba." Ban taɓa jin labarinta ba sai ranar.

Matata, wadda ba ta saba magana gaban baƙo ba, ta ce daga bayan ƙyaure, "Malam, tambaye shi, daga wajen wa abin ya fito? Ni ko kai?"

Likitan ya ce, "Gaya mata daga ku biyun ne, kuma ba laifin kowa. Kowannenku yana ɗauke da rabin abin a ɓoye. Sai rabi ya gamu da rabi yake bayyana. Wani ɗan zai zo da shi, wasu ba za su zo da shi ba."

Haka kuwa aka yi. Muka sami maza biyu lafiyayyu. Na huɗu ya zo kamar yayarsa, sai dai nasa ya fi tsanani, bai yi arba'in ba ya koma. Likitan ya zo kwana uku bayan rasuwar, da na'urar da ya saba ɗaukar hoton yarinyar da ita a kafaɗa, bai san abin da ya faru ba. Ban san lokacin da na tashi masa ba.

"Shekara nawa kana ɗaukar hotonta, kana yankar fatarta, kana cika littafi? Mi muka samu? Man riɗi? Man riɗi ai kakata ma ta san shi!"

Bai kare kansa ba. Ya ajiye na'urar a ƙasa, ya ɗaga hannu ya yi mana fatiha. Da ya shafa sai ya ce, "Gaskiyarka. Abin da nake rubutawa wataƙila ba ita zai amfana ba. In ka ce in daina, na daina, kuma zan ci gaba da duba ta." Na ce ya daina. Bai sake ɗaukar hoto a gidana ba, kuma bai fasa zuwa ba.

Daga baya ya tafi ƙasar waje ƙarin karatu, ya yi shekara uku. Na ɗauka shi ke nan. Ran nan ina ban ruwa sai ga shi a kan gaɓar tur'a, ya fara furfura, takalmansa duk laka. Kafin ya gama gaisawa ya tambayi idanun yarinyar. Ya kuma yi murna da ya ga kawuna, wanda ƙananan fararen ƙwayoyin da ya ɗora shi a kai suka tsayar masa da ciwon, ya dawo cikin gari yana saƙar igiya da ragowar yatsunsa.

Ɗiyata ta girma a inuwa. Da yake ba ta iya aikin rana, na saya mata tsohon keken ɗinki, matan da suka taɓa janye tulu suka riƙa kawo mata yadi. Ta kai shekara ashirin ba wanda ya yi sallama da ita, ita ma ta cire rai. A layin ganin likita a Madani ta haɗu da wani Bahaushe daga wajen Dinder, wanda nabit ya sa aka yanke masa ƙafa daga ƙasan gwiwa. Ba danginmu ba ne ko ta ina. Da ya aiko neman aure, ita da kanta ta ce sai an tambayi daktor. Ya ce da wuya ƙwarai 'ya'yansu su zo da ciwon, amma shi ba Allah ba ne. Ta haifi uku, fatarsu sumul.

Ɗanta na biyu yana rarrafe tamarji ya zo ya gaya mini likitan ya rasu, ciwon zuciya, yana cikin duba marasa lafiya. Na hau lori zuwa Madani tare da surukina. An kafa rumfa a ƙofar gidansa, manyan mutane da fararen rawuna a gaba. Can gefe kuma na ga irinmu sun fi talatin zaune a kan tabarmi: masu dungu, masu sanda, wata mata da 'ya'ya biyu da rana ke ƙona musu fuska, sun lulluɓe har ido. Ba wanda ya san wani a cikinmu, amma muka matsa wa juna wuri.

Babban ɗansa ya zo ya durƙusa ya tambaye ni daga ina. Na faɗa masa sunan ƙauyenmu, na ce mahaifinsa ya yi kusan shekara goma sha biyar yana duba ɗiyata. Ya tambaya ko ta warke. Na ce ba ta warke ba, amma tana nan lafiya a ɗakin mijinta. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, sannan ya tashi ya kawo mana ruwa da kansa. Muka yi sallar la'asar tare da su, muka nemi lorin Hasahisa, don washegari ranar ban ruwan gonata ce.