Fumfunar da ke firijin Asabe

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina buɗe kemis ɗina a Dutsen Kura da safen nan aka bugo min waya, wai Dakta Asabe ta rasu. Motar da ta ɗauko ta daga Kuta ce ta yi hatsari.



Ƙawata ce tun muna sakandare. Ni na ƙare a sayar da magani, ita kuma ta ƙare a lab tana kiwon fumfuna a faranti. Na sha tsokanarta cewa mutane na kiwon kaji, ita ta zaɓi abin da ke ɓata tuwo. Lokacin da na haifi 'yan biyu, ita ta riƙe min shago ranakun Asabar, ko ruwan leda ba ta yarda ta sha kyauta ba.

Saboda yayanta Bawa ta shiga aikin nan. Manomi ne a Kuta. An daɗe ana ba shi maganin tarin fuka kafin a gane fumfuna ce ta kama masa huhu, irin wadda ba ta jin maganin da ake da shi. Asabe ta ɗebi majinarsa ta raini abin a faranti, tana gwada maganin rage kitsen jini a kai, wannan dai da nake sayar wa tsofaffi kullum. Ta ce ta fara ganin alama.

Da na fara murna sai ta kwaɓe ni: "Hajiya, a faranti ne fa kawai. Kar ki kuskura ki ba kowa."

Wutar lab ɗinsu ba ta da tabbas, sai ta liƙe farantan da salatif ta kai ƙaramin firijin gidanta a Maitumbi, inda take da sola. Ana haka gwaggonsu ta zo kwana biyu. Kun san iyayenmu, ba sa zama a gidan 'ya hannu sake. Asabe na wurin aiki, tsohuwa ta buɗe firiji ta ga abu ya yi kore, ta tafasa ruwa ta wanke komai tas, har ta kife farantan a rana.

Shekaranjiya Asabe ta biyo shagona tana ba ni labari, tana dariya tana share hawaye. Wai gwaggo cewa ta yi: "Ke likita ne, amma abinci ya ruɓe a gidanki ba ki sani ba."

Na ce ai da ni ce da unguwa ta ji mu.

Ta ce, "Tsafta ta yi min, me zan ce mata? Zan je Kuta in sake ɗebowa wurin Yaya."

Rabuwarmu ke nan. Da na san ita ce ta ƙarshe, da ban bar ta ta tsaya a bakin kanta muna magana kwastoma na katse mu ba.

Na je gidan makokin ɗazu. Gwaggo ta ƙi cin komai, kuma don Allah kar wanda ya ɗora mata laifi, kwana ne ya ƙare. Yaya Bawa na zaune a tabarma, tari ya hana shi amsa gaisuwa sosai. Da ya lafa sai ya dube ni ya ce, "Hajiya, aikin nata fa, wa zai ci gaba?"

Ni sayarwa kawai na iya.

Allah Ya jiƙanki Asabe, Ya yafe miki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Duk wanda ya karanta, ya yi mata addu'a, ya kuma haɗa da Yaya Bawa, Allah Ya kawo masa sauƙi ta inda ba mu zata ba.