Harawar Da Na Hana Baƙona

A shekarun da tashin hankali ya koro mutane daga arewacin jiharmu, ni malami ne mai karantar da fiƙihu a zaurena cikin garin Yola, ina da gona a Vinikilang da 'yan shanu kaɗan. Cikin waɗanda suka gudo akwai wani dattijo makiyayi da ya tsira da ragowar garkensa. Ya same ni damina tana tsaka, ya roƙi in bar masa kara da harawar gonata bayan girbi, shanunsa su ci rani a can su bar mini taki, kamar yadda iyayenmu suka saba. Na amsa masa a gaban ɗalibaina.

Sai ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta gama nuna ba. Ciyawa ta bushe kafin lokacinta, fadamun bakin Binuwai kuma masu noman rani sun killace. Tsoro ya kama ni saboda shanuna, na sa aka kwashe karan da harawar tsaf aka jibge a rumfa. Da ya iso da garken ya tarar da ƙasa tsirara, sai ya zo ya durƙusa, yana ce mini Modibbo, yana tambaya ko mantuwa ce. Na ce masa a shari'a kyauta ba ta kammaluwa sai an karɓa a hannu. Ya ce ba hukunci ya zo nema ba, maganata ya biyo. Uwargidana ma ta ce da a ce na faɗa masa tsoro nake ji, da ya fi wannan fatawa ta rowa. Na tsawata mata.

Ya kora shanun zuwa dajin da ya gudo daga cikinsa, domin can kaɗai ciyawa ta rage, tunda ba mai kusantarta. Bai dawo ba. Matarsa ce ta zo daga baya, ba zagi ba gori, tana roƙon in yi masa addu'a, domin ba ta san wani malami ba sai ni.

Yanzu damina takan makara, ta zo da ambaliya, ta yanke ba sallama, kuma masu irin buƙatarsa sai ƙaruwa suke yi. Ina gargaɗin 'yan'uwana malamai: mun fi kowa iya samo wa son zuciya hujja. Fari jarrabawa ce daga Allah, kowa ya ɗanɗana ta a shekarar, amma abin da ya tura bawan Allah nan daji daga bakina ya fito.