Yaron Malam Ya Ci Kofi

Babana bai taɓa kiran sunana ba. Ni ce 'yar fari, shi kuwa yana cikin mutanen da suka ɗauko alkunya tun daga ƙauye suka kawo ta Abuja ko ƙwarzane ba ta yi ba. Idan yana nemana sai ya ce da Umma, "Ina wannan?" Idan ina gabansa kuma, "Ke." Ƙanena mai bi mini shi ake kira da suna har da lanƙwasa, ana tambayarsa ko ya ƙoshi, alhali duk wanda ya kalli cikinsa ya san amsar. Na saba da abin, ban taɓa ɗaukarsa da zafi ba sai shekarar da muka ci kofi.

Lemo Baba yake sari a kasuwar Zuba. Ni da ƙanena kwaleji ɗaya muka shiga, wata mai zaman kanta a bayan gari, wadda allon bakin ƙofarta ya fi azuzuwanta kyau. Tsawo kuwa Allah ya ba ni har da gyara. Dangin Umma sun gama yi mata jaje tun ina sakandare, wai ina za a samo mijin da ba sai ya ɗaga kai ba in zai yi faɗa. Wata rana ina layin abinci sai wata mata ta tsaya tana auna ni da ido daga sama har ƙasa, ta ce, "Kai, zo nan. Kana wasa?"

Na waiga in ga da wa take. Ashe da ni take. Ita ce mai horar da 'yan matan ƙwallon kwando, mutuniyar Binuwai, kowa Koci yake ce mata. Hausa a bakinta kamar famfo, sai dai babu mace a cikin Hausar. Kowa "kai" ne, kowa "shi" ne, mahaifiyarta ma cewa take yi, "Mamana ya zo." A Abuja wannan ba abin ɗaga kai ba ne, rabin garin haka suke magana kuma ciniki bai fasa tafiya ba.

Umma ce ta kai wa Baba zancen wasan yana cin abinci. Ta yi masa bayanin dogon wandon da zan riƙa sawa da ɗankwalin da ba zan cire ba. Ya cinye lomarsa ya ce, "To." Ba ku san "to" ɗin Baba ba. Tana iya zama na yarda, tana iya zama Allah ya isa, muryar duk ɗaya ce. Ni dai na zaɓi wadda ta yi mini na sayi takalmi. Daga ranar bai sake tayar da zancen ba. In na dawo da gwiwa a kumbure sai ya kalli bango ya ce da Umma a ba wannan man zafi.

A shekarata ta ƙarshe aka ba ni kyaftin, kuma a shekarar muka ci gasar kwalejoji. Mun doke wasu 'yan gayu masu takalma iri ɗaya, mu kuwa kowa da abin da Allah ya hore mata. Kwalejin ta shirya mana bikin karramawa. Shugaban makaranta, wanda bai taɓa sanin ta ina ake shiga filinmu ba, ya yi jawabi a kan yadda ya daɗe yana hango wannan rana. Manya suka yi ta ɗaukar hoto da kofin, mu muna baya ana ce mana mu ɗan durƙusa don mun fi su tsawo. Aka raba mana lemon kwalba mai ɗumi, aka kulle kofin a ofis. Baba bai zo ba, ni ma ban sa rai ba.

Rikicin daga Koci ya taso. 'Yan'uwanta ne suke kawo lodin lemo daga Binuwai, don haka Zuba gida ce a wurinta. Ta je karɓar saƙo, ta tarar da ciyaman na layinsu Baba, wani dattijo mai son taro da lasifika, ta ce masa, "Oga, ka san yaron Malam ya ci mana kofi? Shi ne kyaftin. Ba don shi ba, da mun sha kashi."

Ciyaman ya tafi rumfar Baba da sauri. "Malam, ashe abin alheri ya samu kake ɓoye mana? Yaronka ya ci kofi!"

Kalma ɗaya ta isa ta gyara zancen. Baba ya ci gaba da jera lemonsa ya ce, "Haka aka ce."

Shi ke nan. Kafin la'asar duk layin ya ɗauka ɗan Malam ya zama ɗan ƙwallo. Wace irin ƙwallo ce, babu wanda ya tambaya, a wurinsu ƙwallo ƙwallo ce. Ƙanena da ke zuwa taya Baba ciniki ranar Asabar ya shiga kasuwa ya ji ana "Kyaftin! Kyaftin!" Mutumin da ko bas ce za ta tafi ta bar shi ba zai yi gudu ba. Kuna tsammanin ya musa? Ɗingishi ya fara, wai ya ji ciwo a wasan ƙarshe. Mai kankana ya yanka masa, mai abarba ya feraye masa, mai tsire ya ƙara masa albasa. Da yamma ya shigo gida da abarba a hammata yana tafiyar manya, ya ajiye a gabana ya ce, "Yaya, ci, guminki ne."

Da ya ba ni labari na yi dariya har da buga ƙafa. Sai da na shiga ɗaki dariyar ta ƙare. Ƙanena ɗan iska ne, wannan tsohon labari ne. Amma Baba fa? An kawo masa zancen har rumfa, ya bar shi a karkace. Na fito na samu Umma a kicin.

"Umma, me ya sa bai ce ni ce ba?"

"Ke ma dai da neman magana. So kike ya buɗe baki a tsakiyar kasuwa ya yabi 'yar fari? Kunya ce."

"Wace kunyar? Kunyata yake ji, ko kunya na ba shi?"

Umma ta tsaya da muciya a hannu. Sai ta ce in miƙo mata gishiri. A nan hankalina ya tashi, don Umma ba ta rasa amsa. Ashe ita ma ba ta sani ba. Shekara da shekaru ina fassara shirun mutumin nan da alkunya, ban taɓa kawo wa raina cewa mai yiwuwa nauyi yake ji a ce 'yarsa ce take tsalle a gaban jama'a ba. Abin ya yi mini ciwo sosai, kuma ba shi da wurin tambaya, don Baba ba a zama da shi a ce, "Ya kake ji game da ni?"

Ana cikin haka Ciyaman ya ce sam, ba za a yi abin arziki a layinsa a wuce shiru ba, sai an yi walima. Ya aika wa Koci ta kawo yaran gaba ɗaya. Na ce da ƙanena ya je ya warware abin da ya ƙulla. Ya ce shi bai ƙulla komai ba, tarar da shi ya yi a ƙulle, kuma tela ya riga ya auna shi. Na jira Baba ya yi magana. Kullum zai dawo, ya yi alwala, ya ci tuwo, ya kunna rediyo. Na ce to, mu je zuwa, a yi ta a gaban kowa.

Ranar Asabar da hantsi bas ɗin kwaleji ta ajiye mu a bakin kasuwa. An kafa rumfa tsakanin tulin lemo da motocin lodi, an jera kujerun roba, lasifika tana ta ƙara. Muka sauko ɗaya bayan ɗaya, zaƙo-zaƙo da mu, cikin rigunan wasa da dogayen wanduna, Koci a gaba ta rungumo kofin da ta aro daga ofis. Masu turin baro suka tsaya. Ciyaman ya taho da fara'arsa ya ce, "Sannunku da zuwa, 'yan rakiya, ku zauna daga can. Madam, ina 'yan wasan? Suna baya ne?"

Koci ta ce, "Ga su nan, Oga."

Ya leƙa cikin bas ɗin, babu kowa sai direba yana sakace. Ya yi dariya, a zatonsa wasa take yi, ya koma ya ɗauki abin magana. Ya yi jawabi mai tsawo a kan matasa da tarbiyya da yadda lemo yake ƙara ƙarfin ƙafa. Baba yana zaune a layin gaba, ya sa farar rigarsa ta Juma'a, idonsa a kan takalminsa. Daga nan aka fito da kyauta: kaftani na shadda ruwan toka da hula, ɗinkin gajere mai tumbi.

"Kyaftin, fito jama'a su gan ka!"

Aka nemi ƙanena aka rasa. Daga baya na ji a bayan buhunan lemo ya shafe taron, ɗingishin ma ya warke. Koci ta turo ni gaba ta ce, "Ga shi nan. Je ka mana!"

Na fita na tsaya. Ciyaman ya leƙa bayana ta dama, ya leƙa ta hagu, sannan ya ɗaga kai ya dube ni. Sai wani daga baya ya fashe da dariya, saura suka ɗauka. Ni dariyar ba ta dame ni ba, na saba da 'yan kallo. Abin da ya dame ni muryar wani tsoho ce a layin gaba, kusa da Baba, wanda ya ce ba a hankali ba, "Mace? Mace ce take wannan tsalle-tsallen? 'Yar wace ce aka sake haka?"

Ciyaman ya rasa inda zai sa kansa, sai ya yi abin da shugabanni suke yi, ya miƙa wa wani matsalar. Ya dangwara wa Baba abin magana a baki. "Malam, raba mu da wannan rikici. Ina yaron naka?"

Baba ya miƙe a hankali. Ya karɓi abin maganar ya riƙe shi nesa da jikinsa kamar an ba shi jaririn wani. Na ce a raina, in ya sake cewa "haka aka ce", zan ajiye musu kaftaninsu in tari mota a bakin titin Kaduna, kuma ba zan ƙara tambayar kowa komai ba har abada. Ya yi gyaran murya, lasifika ta yi ƙara, ya ja da baya. Bai dube ni ba. Tsohon nan ya duba.

"Tawa ce," in ji shi. "Ita ce ta fari."

Na ɗauka ya gama, don a ma'aunin Baba wannan ma huɗuba ce. Ciyaman ya miƙa hannu zai karɓa, Baba ya ƙi saki. Muryarsa ta ɗaga, irin wadda yake yi wa direban da ya kawo masa ruɓaɓɓen kaya.

"Kuma tun da an taru, bari in faɗa. Alƙalin wasan nan ba shi da tsoron Allah. Sau biyu tana jefawa ta shiga, ya busa ya ce ba a ci ba. Ga wata mai jan takalmi tana ta kai mata gwiwar hannu a haƙarƙari, yana kallo bai ce komai ba. In da ana gaskiya, da tazarar ta fi haka."

Ya mayar da abin magana, ya zauna, ya koma kallon takalminsa. Wuri ya kaure da tafi da shewa, Koci tana ihu, "Ka ji ko! Baban shi ya faɗa!" Ciyaman ya manna mini kaftanin a hannu, ya tsaya yana juya hular ya rasa yadda zai yi da ita.

Ni kuwa na kasa motsi. Ba a nuna wasanmu a talabijin ba, rediyo bai san mun yi ba, kuma ban taɓa ba wa kowa a gida labarin alƙalin nan ba, ko Umma. Ƙanena bai je ba, ranar yana barci. Mai jan takalmi kuwa sai wanda ya tsaya a wurin tun daga farko har ƙarshe zai san da ita. Na tsaya a tsakiyar kasuwar Zuba da tsawona duka, rungume da kaftanin da ba zai kai mini gwiwa ba, ina kuka kamar ƙaramar yarinya. Baba ya ɗan karkato wajen Umma, wadda take zaune a bayansa, ya ce a ba wannan ruwa.